Abin da Gwaggo ta ci gaba da yi da hannunta

Mu Hausawa ba mu da ƙyashin jinya. Mutum ya kwanta, gida cika yake yi, wannan ta damo kunu, wancan ya kwana a bakin ƙofa. Sai dai cikin wannan ƙaunar muna karɓe komai daga hannun majinyaci. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, a ce "bari, bari, kwanta ka huta." Idan ciwon na warkewa ne, da sauƙi. Idan kuwa likita ya riga ya ce sai dai lallaɓawa, to kwanakin da Allah Ya rage wa mutum ke nan yake ƙarar da su a kwance yana kallon rufin ɗaki.

Gwaggona sankarar mama ta yi, ta bazu har ƙashi, aka sallamo ta gida da maganin rage zafi. Wata ma'aikaciyar asibitin koyarwa ta amince ta riƙa leƙo mu. Irin su a asibiti OT ake ce musu, aikinsu shi ne taimaka wa majinyaci ya iya ayyukansa na yau da kullum. Mutane kan haɗa su da masu gashin ƙashi, amma hanyarsu daban: mai gashi yana duba gaɓa da ƙarfinta, ita kuwa tana duba abin da mutum yake son yi da gaɓar.

Ranar farko ba ta buɗe jaka ba. Ta zauna a ƙasa kusa da katifa ta ce, "Mama, me kike so ki ci gaba da yi da kanki?" Gwaggo ta daɗe shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, kada a riƙa ɗaukata zuwa bayi kamar jaririya. Kuma ina da hula ban ƙarasa ba."

Daga nan aikin ya tashi. Ta shiga ban ɗakinmu na tsuguno, ta sa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan ramin, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Katifar da ke ƙasa aka mayar kan gado, aka daidaita tsayinsa yadda in Gwaggo ta zauna tafin ƙafarta zai taka ƙasa, don tashi daga ƙasa shi ne ya fi cin ƙarfinta. Hannun hagunta ya kumbura, sai aka riƙa ɗora shi a kan matashi, tela ya tsaga gaban rigunanta ya sa maɓallai. An naɗe wutsiyar cokali da tsumma ta yi kauri, ta koma cin abinci da kanta. In numfashi ya sarƙe, a zaunar da ita ta ɗan sunkuya gaba, a juyo mata da iskar ƙaramar fanka a fuska.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ta yi mata bayanin gajiya. Ta ce ƙarfinki yanzu kamar kuɗin cefane ne, kaɗan ne kuma ba a ƙarawa, ki zaɓi inda za ki kashe shi. Gwaggo ta haƙura da wanka a tsaye, ta yarda a cuɗa mata baya tana zaune, don ta ajiye ƙarfin safiya ga ɗinkinta. 'Yan dubiya aka mayar da su bayan la'asar. Wasu dangi sun ji haushi, amma ita ce ta yanke hakan.

Sallah ma ta shiga lissafi. Malamai sun daɗe da karantar da mu hadisin Imrana ɗan Husaini: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Hukuncin kowa ya sani, aiwatarwar ce ke buƙatar dabara. An juya gadon ya daidaita da alƙibla, an ajiye dutsen taimama da carbi inda hannunta na dama zai kai ba sai ta kira kowa ba.

Mu masu jinya ma an koya mana: a juya ta duk bayan kamar awa biyu saboda gyambon kwanciya, a riƙa duba dunduniya da ƙugu, a ja ta da zanin gado maimakon cicciɓa ta hammata, tunda ƙashin da ciwo ya ci ba ya da wuyar karyewa.

Wannan tunani ba sabo ba ne a duniya. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai barin duniya bai tsaya a jiki ba, ya haɗa da zuciya da iyali da ruhi. A Afirka, Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali ta Hospice Africa a Yuganda a 1993, a Najeriya kuma Farfesa Olaitan Soyannwo ta Ibadan na cikin waɗanda suka ja gaba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar irin wannan kulawa suke samunta.

Masu sana'ar OT kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, akasarinsu a manyan asibitocin koyarwa da na ƙashi da na ƙwaƙwalwa, kuma ba kasafai ake tura musu wanda aka fid da ran warkewarsa ba. Wannan yana ci mini rai, domin kayan da aka yi wa Gwaggo aiki da su kafinta da tela da mai walda na unguwa ne suka yi. Duk wanda za a sallamar masa da majinyaci irin wannan, ya tambayi likita ko asibitin yana da sashen OT, ya roƙi a haɗa su kafin a bar asibitin, ya kuma tafi musu da hoton ɗakin da ban ɗakin gidan a waya.