Jatan landena jajaye sun haifo masu launin ƙasa

Har yanzu ina jin haushin mutumin da ya sayar mini da jatan landen nan a cikin Kano. Jajaye na je saya, ƙananan nan na ruwan daɗi da ake kira Neocaridina, waɗanda ba su cika wuce santimita 3 ba. Shi ne ya ce, "Malam, ƙara da shuɗaye da masu ruwan ɗorawa mana, in suka haɗu a akwatin gilashi ɗaya sai ka ga kyau." Kyan kam an gan shi. Abin da za su haifa ne bai ce uffan a kai ba.

Da na iso ƙauyenmu nan gefen Ringim, duk sun koɗe a cikin leda, jan ya zama fari-fari. Wahalar mota ce kawai, da suka huta launi ya dawo. Sai dai bai yi ƙarfi ba sai da na kwashe farin yashin rafi da na shimfiɗa musu na zuba baƙar tsakuwa. A fatarsu akwai ƙwayoyin launi masu bazuwa da tsukewa, kuma sukan bi launin ƙasan da suke kai. Mazan kuwa ko me ka yi musu ba sa kamo matan a ja.

Bazara ta fi ba ni aiki. A Afrilu zafin nan yana haura digiri 40, su kuma in ruwa ya wuce 28 sun shiga wahala, iskar cikinsa ma raguwa take. Na mayar da akwatin ɗakin ƙasa, na sa fankar sola tana hura saman ruwan, ina cike abin da ya ragu da ruwan randa kaɗan-kaɗan. A lokacin na koyi rabe koɗewa da ciwo. In naman cikin jikin ya yi fari kamar madara, tun daga wutsiya, wannan da wuya ya tashi, cire shi. Ɓawon da ka gani fayau babu kowa ciki saɓa ce, bar musu su cinye abinsu. Kuma kada a kunna maganin sauro a ɗakin, kada a ɗebo musu ruwa da bokitin da ya taɓa maganin feshin gona.

Duk waɗannan suna da gyara. Wanda ba shi da gyara shi ne haɗin nan.

Mace takan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kusan wata guda, tana kaɗa musu ruwa da ƙananan ƙafafunta. Na yi ta murna ina haska tocila da daddare ina leƙen 'ya'yan. Suka girma, wasu ja-ja, wasu da dabbare-dabbare. Da jikoki suka zo sai ga akasarinsu launin ƙasa, ana hango cikinsu, in sun lafe a tsakuwa sai ka zura ido kafin ka gan su. Na turara musu zogale da alayyafo, na sayo abincinsu na gwangwani mai tsada. Abinci yana ƙara wa mai ja ja, amma ba ya sa shi a jikin wanda bai gado ba.

Dalilin kuwa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawan duk jinsi ɗaya ne. Kakanninsu na ƙoramun Taiwan da Sin masu launin ƙasa ne, masu kiwo ne suka yi ta ware masu launi suna haɗa su da junansu har kowane launi ya tsaya. Ka zuba su wuri guda, sun koma gidan jiya. Baffa da ya leƙo ya ji bayanin dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, ai ko jar akuya ka sake wa kowane bunsuru, kada ka tambayi inda jan ya tafi." Shi da bai taɓa ganin jatan lande mai rai ba ya san wannan, wai mai sayarwa bai sani ba! Da na kira shi a waya cewa ya yi, "Ai haka suke, Malam."

Yanzu launi ɗaya, mazubi ɗaya. Na tsince matan da suka fi ja da 'yan mazan da suka fi dama-dama na ware su, duk ɗan da ya fito a koɗe sai in mayar da shi robar masu launin ƙasa. Waɗannan ko a jikinsu, sun ma fi kowa hayayyafa, kuma na hana yara zuba su a kududdufi. Shuɗayen ne ban ga yadda zan ceto su ba: rayuwarsu shekara 1 zuwa 2 ce, matan da na sayo sun riga sun mutu, maza kawai suka rage.