Gwangwanin Kuɓewa da Makaɗan Jamus

Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, sai na maƙala iyafis na kunna wata waƙa da ƙanena ya turo mini. Minti goma sha takwas! Na ce wannan yaro bai da aikin yi.

Sunan ƙungiyar da ta yi waƙar "Can", an kafa ta a birnin Kolon na Jamus a 1968. Biyu daga cikinsu, Holger Czukay da Irmin Schmidt, ɗaliban Stockhausen ne, wani mashahurin mai tsara kiɗa na Jamus. A wancan zamanin 'yan ƙungiyar kan zauna su yi ta kiɗa na sa'o'i ba tare da wani shiri ba, daga baya Czukay ya yayyanka tef ɗin ya harhaɗa abin da ya yi masa. Mawaƙinsu Damo Suzuki kuwa, ɗan Japan, a bakin titi suka tsince shi a Munik a 1970, a daren ya hau dandamali.

Amma ni gangar makaɗinsu Jaki Liebezeit ce ta riƙe ni. Bugu ɗaya yake ta maimaitawa, bai gajiya, bai karkacewa, har na tsinci ƙafata tana bin sa a kan tabarma. Ba mamaki ƙungiyar makaɗan Ingila Radiohead suka sha daga wannan rijiya, Kanye West ma ya gutsuri kiɗan ƙungiyar Can a 2007.

Abin da ya ba ni dariya shi ne bangon faifansu na 1972, Ege Bamyasi: hoton gwangwanin kuɓewa ne kawai. Da safe na nuna wa Umma, ta ce, "To, su ma miyar yauƙi suke sha?"