Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Akwati Mai Kwaɗo Uku

Makon jiya na tsaya ne a ranar da sakamakon brebe, wato jarrabawar gama kwaleji, ya fito, a 2011, sunana yana cikin waɗanda suka ci. Murna ba ta yi kwana uku ba Gwaggo ta iso daga Tibiri. Ko mayafinta ba ta ajiye ba ta ce wa Baba: "Yaya, karatun ya isa haka nan. Sa'o'inta duk suna ɗakunansu." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Cikin 'yan matan da muka shiga kwaleji tare, waɗanda muka kai aji na ƙarshe ba mu cika yatsun hannu biyu ba. Sai daga baya na karanta cewa a Nijar mata 76 cikin 100 ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jiharmu ta Maradi ta zarce wannan adadi. Ni a lokacin sunayen ƙawayena na sani, da ranakun da aka sa su a lalle.

Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce dai hatsin da yake sayarwa a kasuwa ba zai ɗauki wata sabuwar ɗawainiya ba.

A wannan hutun ne na ga takarda manne a ƙofar wani shagon intanet a hanyar babbar kasuwa: ana koyar da kwamfuta, wadda mu muke kira ordinater, wata uku jaka 15 ta sefa. Shekara ɗaya ke nan da buɗe jami'a a garinmu, kuma duk ɗalibin da na gani yana maganar buga takardu da neman darasi a intanet. Na faɗa wa Inna da dare tana murza tunkuza. Ba ta ɗago kai ba, sai ta ce: "Ranar Alhamis ki biyo ni."

Inna 'yar ƙungiyar Mata Masu Dubara ce. Wanda bai san su ba, asusu ne na mata da ƙungiyar CARE ta fara a nan yankin Maradi a 1991, daga baya tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Kowane mako mace ta kawo abin da aka yanke, a zuba cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana gidan ta huɗu. Babu mai iya buɗe shi sai a gaban kowa. Har yau idan na ji ana cewa matan da ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba su san lissafi ba, raina yana ɓaci, domin na ga tsofaffin nan suna riƙe bashin mutum talatin da ka, ba a ɓatar da ko dala ba.

Aka zauna gindin dogon yaro. Da aka zo kan masu neman rance, Inna ta gyara zama ta ce tana son jaka 15 don ɗiyarta ta koyi ordinater. Wuri ya yi tsit. Shugabar ta ce: "Hajiya, kin san ƙa'ida. Kuɗin nan na sana'a ne, a juya a maido." Inna ta ce: "Na sani. Wagga ɗiya ita ce sana'ata. In ba ta biya ba, kaskon ƙuli-ƙulina shina nan." Wata dattijuwa da ke riƙe da makulli ɗaya ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo shi. Ta ce ɗanta yana Legas, duk wasiƙar da ya aiko sai ta kai wa ɗan maƙwabta ya karanta, sirrinta ya zama na unguwa. "A ba ta. Mu ma mu samu tamu."

Ranar farko ni kaɗai ce mace a shagon. Samari goma sha wani abu, kowa ya juyo yana kallon hijabina. Malamin ya nuna mini kujera ta can ƙurya, ya ce in kama suri, wato ɗan abin da ake motsa kibiyar kan allo da shi. Hannuna yana rawa, kibiyar tana gudu ta bar inda nake so. Allon haruffan na Faransanci ne, A ce a farkon layi, na yi ta neman kowane harafi da yatsa ɗaya. Wuta ta ɗauke sau biyu, muka zauna cikin zafi muna jira, ban tashi ba.

A mako na biyu aka ce kowa ya rubuta abin da yake so a fitar masa a takarda. Na rubuta sunan Inna da manyan haruffa, a ƙasa na sa "mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli". Na nemi ƙa mai lanƙwasa da ɗa mai lanƙwasa na rasa, injin bai san da su ba, dole na bar su a miƙe, abin ya tsaya mini a rai. Na biya dala ashirin na kawo mata.

Inna ba ta karanta boko. Ta goge hannunta da zane sau biyu kafin ta karɓa, ta ce in nuna mata inda sunanta ya fara da inda ya ƙare. Ta bi shi da yatsa. Sannan ta naɗe takardar ta sa cikin kwallar da take ajiye kayan aurenta. Ranar Alhamis ta kai ta gindin dogon yaro, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu.

Saura kwana tara in gama wata na biyu, na dawo gida da la'asar na tarar da takalman baƙi a zaure, da ƙwaryar goro a gaban Gwaggo. Ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa ya ce Baba yana kirana.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.