Wata uku a bencin bayan muhuti

Muna aji uku aka tura ni sanin makamar aiki a wata kotun shari'ar musulunci, ni a tunanina na gama sanin babin saki tunda na haddace shi na ci jarrabawa, ashe karatun allo daban zaman kotu daban. Aikina bai wuce in zauna bayan muhuti, wato magatakardan alƙali, in taya shi jera fayil ba, wani lokacin in rubuta sammaci a ba masinja ya kai. To amma kunne ai ba ya hutu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda mata ke shigowa da kalma ɗaya a baki, khul'i. Kowacce ka tambaya me kike nema sai ta ce khul'i, wai haka maƙociya ta ce ta faɗa. Alhali khul'i fansar kai ne, ke za ki ba shi wani abu, yawanci sadakin da ya biya, shi kuma ya sauwaƙe miki. Idan kuwa cutarwa ce, duka ko rashin ci da sha ko ya tafi ya bar ki ba labari, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi alƙali na da ikon raba auren ba ki mayar da ko sisi ba. Sai dai fa sai kin tabbatar, hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, kuma nan ne ake yin ta.

Akwai wata baiwar Allah da ba zan manta ba, ta zo da goyo tana bayani tana kuka har ni da ke gefe sai da jikina ya yi sanyi, alƙali ya bari ta gama tsaf sannan ya ce kina da shaidu? Ta ce Allah gafarta malam duk gidan sun sani. Aka ɗage zama sati biyu. Ranar da aka dawo ba wanda ya biyo ta, gidan haya ne kowa na gudun a ce da bakinsa aka kashe aure, takardar asibiti kuma babu don a kemis aka duba ta. Mijin ya musa komai. Aka nemi waliyyinta da wani babba a dangin mijin su je su yi sulhu, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a naɗa mai sasantawa daga kowane ɓangare, suka dawo ba a daidaita ba.

Ni da har haushin alƙalin nake ji wallahi, ina ganin kamar ba shi da tausayi, sai muhuti ya ce min yaro, in alƙali ya yanke hukunci da hawaye gobe a ɗaukaka ƙara a rushe. Shi ya nuna min muhimmancin i'izari, wato kafin hukunci a tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja, a kuma rubuta an tambaya. Layi ɗaya ne a takarda amma rashinsa na iya sa kotun sama ta ce a sake shari'ar daga farko.

Wani abin kuma maza da yawa na ɗauka da an rabu yara nasu ne su kwashe. A Malikiyya riƙo na uwa ne, in ta yi aure ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana nan a wuyan uba. Na ga magidanci ya miƙe tsaye yana cewa ba a taɓa yi ba a gidansu, ɗan sandan kotu ya zaunar da shi.

Masu auren rajista su ba nan suke zuwa ba, nasu sai babbar kotu ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970, kuma in auren bai kai shekara 2 ba galibi sai an nemi izinin kotu kafin a shigar da ƙarar ma.

Ita dai matar nan mai goyo a ƙarshe khul'in ta yi. Yayanta ne ya kawo kuɗin a leda aka ƙirga a gaban kowa, ni na rubuta mata takardar mutuwar aure, alƙali ya ce ta je ta fara idda. Ta karɓa ta ninke ta hudu ta cusa a bakin zani, ta tambaye ni ta ina ake samun adaidaita.