Na bar aikin kodin a kilinik ɗin jijiyoyi, ga abin da ya faru tsakanina da oga kan I65 da I63

Wannan satin na miƙa musu katin ofis, na gama da kilinik ɗin jijiyoyin jini da nake wa kodin, wato saka wa cuta da aikin likita lambobi don inshora ta biya, a nan Amurka. Ku da muke sana'a ɗaya ba sai na ba ku labarin buɗe fayil da tura kilem, wato takardar neman kuɗi daga inshora, ba, kun san shi. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, maganar jijiyar wuya ce wato karotid, da yadda ogana ya so in zama ɗan amshin shata a kanta.

Wanda ya fara aikin rekod a gida da ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wato WHO, ya san I65.2 ne kawai, ƙuntata ko toshewar jijiyar wuya, ka saka ka wuce. A nan kuwa tun 1 ga Oktoba 2015 da suka bar ICD-9 suka koma ICD-10-CM, wato samfurin kundin na Amurka, dole ka faɗi ɓangare, I65.21 dama, I65.22 hagu, I65.23 duka biyu, I65.29 in likita bai faɗa ba. Kuma gidan I65 sharaɗinsa a rubuce yake, toshewar ba ta kai ga kashe wani sashe na ƙwaƙwalwa ba. In ta kai, kuma yanzu abin ke faruwa, sai ka koma I63, gidan sabuwar shanyewar ɓarin jiki, misali I63.231 ko I63.232. Wannan ko ɗalibi ya sani.

To mu majinyatanmu yawanci tsofaffi ne masu zuwa a duba su bayan wata shida ko shekara, da ƙafarsu suke shigowa, a yi musu sikanin wuya su koma gida. Da yawansu sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki shekarun baya, likita kuma yana sauri sai kawai ya jera kalmomi biyu a ƙasan takarda, ƙuntatar karotid da shanyewa, babu yaushe babu ko akwai sauran rauni. Oga ya kira ni ya ce daga yau duk inda na ga biyun nan tare in saka I63.23 da lambar ɓangaren. Na ce oga mutumin nan fa ba yau abin ya same shi ba, da yau ne da yana ɗakin gaggawa ba a kujerar jira yana karanta jarida ba, abin da ya dace I65 ɗin ɓangaren sai Z86.73, lambar tsohuwar shanyewa, in ya warke sarai, in kuma akwai sauran rauni a tafi I69.3. Ya ce ai likita ne ya rubuta, ni wane ne da zan gyara wa likita. Kuma wlh shi ma ya san ba maganar likita ba ce, maganar kuɗi ce, likitocinmu suna da yarjejeniya da wani kamfanin inshora na Medicare Advantage, tsarin inshorar tsofaffi da gwamnati ke biyan kamfanoni su gudanar, a lissafin HCC, wanda ake auna nauyin ciwon majinyaci da shi don biyan kuɗi, sabuwar shanyewa tana da nauyi, Z86.73 ba ta kawo ko sisi.

Abin haushin ma, wasu daga cikin tsofaffin nan da gaske suna jan ƙafa, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, da za a sa likita ya rubuta hakan da kyau I69.351 da 'yan uwanta, lambobin raunin da shanyewa ta bari, su ma suna da nauyinsu, halak malak. Amma wannan sai an koma wa likita an jira amsa, shi kuma oga ba ya son jira.

Ni dai na ƙi. Na riƙa tura wa likitoci takardar tambaya, kuma kun san ƙa'ida ba a saka musu amsa a baki, sai ka jera zaɓi, sabuwa ce, tsohuwa ce babu rauni, tsohuwa ce da rauni, ko wani abu daban, shi ya zaɓa ya sa hannu. Wasu su amsa a ranar wasu sai ka bi su kamar mai bin bashi. Fayil ya fara taruwa a layina, yawan abin da nake kammalawa a awa ya sauka, a mitin ɗin sati gaban kowa oga ya ce wataƙila Turancin likitoci ne ke ba ni wahala. Wannan kalmar har gobe ban yafe ba, ni da nake gyara masa rubutun imel. Da aka zo auna aikin shekara ya ba ni maki ƙasa, ƙarin albashi ya wuce ni, ya ɗauke layin karotid ya ba wata yarinya da ta shigo kwanan nan ko jarrabawar CPC ta shaidar masu kodin ba ta daɗe da ci ba, ita kuma baiwar Allah abin da aka ce ta yi shi take yi.

Ba a daɗe ba kamfanin inshora ya aiko a duba fayiloli. Ba wani abin mamaki ba ne, ofishin sufeto janar na ma'aikatar lafiyar Amurka, OIG, ya daɗe yana bin wannan takamaimai, lambar sabuwar shanyewa da ta fito daga ofishin likita amma babu kwanciya asibiti a lokacin. Aka cire lambobin, aka ce a gyara. Da aka tambayi oga sai ya ce ƙarancin horo ne na sabuwar ma'aikaciya, don duk umarnin nan da baki ya bayar, ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba, sunanta ne a jikin kowane fayil. Bayan kwana kaɗan ya turo wa kowa tunatarwa kan bambancin I63 da Z86.73, na karanta na ga kusan kalma da kalma imel ɗin da na taɓa tura masa ne, sunana kawai ya cire. Fayilolina ko ɗaya ba a dawo da shi ba kan wannan, amma babu wanda ya ce min sannu. Don haka duk ogan da ya ba ka umarnin kodin da baki ka ce masa ranka ya daɗe a turo min a rubuce, a nan za ka gane ko shi ma ya yarda da abin da yake faɗa.

Sauran ƙanana ne. Kashi nawa jijiya ta ƙuntata, 50 zuwa 69 ko 70 zuwa 99 a ma'aunin ƙuntatar karotid na NASCET, ba ya canza lamba, duk I65.2 ne da ɓangarensa, amma ka tabbata likita ya rubuta shi da alamomin da majinyaci ya nuna don inshora za ta nema kafin ta yarda da tiyata mai lambar aiki 35301 ko saka sitent, ɗan bututun da ke buɗe jijiya, 37215. In likita ƙara kawai ya ji a wuya da abin sauraro, R09.89 ne ba ƙuntata ba. A kilinik ciwon da likita ya rubuta "ana zargi" kawai ba a saka masa lambar cuta. Sikanin gefe biyu cikakke 93880, gefe ɗaya ko taƙaitacce 93882, kar ka tura na farko rahoto yana nuna gefe ɗaya. Ido ɗaya ya rufe na ɗan lokaci ya dawo G45.3, kada a jefa shi cikin G45.9, lambar shanyewa ta ɗan lokaci da ba a fayyace ba, don lalaci. I65.29 kuma in ya yi yawa a layinka za a zo kanka, tambayi ɓangare.

Yanzu asibiti zan koma ɓangaren masu kwanciya, inda ƙa'idar "ana zargi" ta juya, in likita ya rubuta haka ranar sallama ana saka shi kamar ya tabbata, sai na sake zama da littafin ƙa'idoji. Oga ya rubuta min takardar shaida ya ce ni mutum ne mai taka tsantsan da bin ƙa'ida, to madalla, ƙarin albashin wancan shekarar dai har na fita ba a dawo min da shi ba, shi kuma yana nan a kujerarsa.