Godiya ga mutanen Barikin Ladi da duk wanda ya tsaya mana

Alhamdulillahi, an sallami autana daga asibiti, mun iso Zariya lafiya. Yana cin abinci, tarin ma ya lafa. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, ku yafe mini, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Labarin faɗawarsa ruwan tsohon ramin kuza a Barikin Ladi kun riga kun ji, ba zan iya maimaita shi ba. Masu tambayar me ya kai mu, Baba ne ya daɗe yana roƙon a kai shi ya ga garin da aka haife shi. Kakanmu yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa aikin tilas na haƙar kuza a 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta. Sanyin Filato da yunwa da cuta sun kashe mutane da yawa. Shi da yake yana da sauran kwana, ya zauna ya yi aure, ya ci gaba da dakon ƙasa a kwano. Irin ramukan da suka haƙa ne ruwa ya cika. Kamfanoni sun kwashe nasu sun tafi, kasuwar kuza ta rushe a 1985, ramukan kuwa aka bar wa mutanen gari. Ruwan a kwance yake gwanin sha'awa, amma taku ɗaya daga baki sai zurfi. Don Allah duk mai zuwa da yara ya riƙe hannunsu.

Na san ba ku so a ambace ku, amma sai na faɗa. Baba mai lambun kabeji, dattijon Birom da ke ban ruwa a gefen kududdufin, kai ka faɗa ruwan nan da kayanka da takalmanka tun kafin ihuna ya gama fita. Muka ba ka abin goro ka ƙi karɓa, ka ce kai ma kana da jikoki. Sai Mama mai wankin kuza. Yaron nan yana karkarwa, leɓɓansa sun canja launi, ni kuwa hannuna ya kasa ko cire masa riga. Matar nan ta kwance zanen da ta yafa, cikin wannan hunturu, ta naɗe shi ta rungume a ƙirjinta, tana ce mini in daina kuka, yaro yana numfashi. Ba ta tambayi daga ina muke ba, balle addininmu. Duk daren da na rufe ido ita nake gani.

Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya tsare muku zuri'a daga ruwa da wuta da sharrin dare da rana. Allah ya sa albarka a lambun nan, ya zaunar da garinku lafiya. Direban da ya sauke fasinjojinsa ya kai mu Jos, da ma'aikatan jinyar da suka kwana a kansa, da Gwaggo da ta taso daga Kaduna da ciwon ƙafarta, Allah ya biya ku.

Muna da 'yan'uwa na jini a cikin Jos ɗin, ko leƙe ba mu gani ba. Wataƙila uzuri ne. Baba dai ya yi ta duban ƙofar ɗakin.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gidan Baba, wanda ya samu hali ya zo a taya mu addu'a.