Kyamarar bakin get ɗina da take mutuwa bayan magriba

Sati uku cur na yi ina zagin kyamarar da ba ta da laifin komai, har sau biyu ina mayar da ita shago ana canza min, ashe matsalar tana cikin silin ɗina a kwance.

Abin da ya sa na saka kyamarori tun farko, batirin mota aka cire min a cikin gida da tsakar dare, da safe na murza makulli shiru, na buɗe bonet na ga wayoyi biyu suna lilo. Ranar na ce to shikenan, na je na sayo DVR, wato akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, mai layi huɗu da kyamarori huɗu irin na analog ɗin nan masu AHD, don su ne daidai aljihuna, kuma hotonsu ba laifi in dai ba so kake ka karanta lambar mota daga ƙarshen layi ba. Ɗaya a bakin get, ɗaya a wajen ajiye mota, ɗaya a lungun baya inda tankin ruwa yake, ɗaya a ƙofar falo. Ni na ce zan haɗa da kaina, ai ba wani abu ba ne, kowace kyamara abu biyu kawai take so: hanyar da hoto zai bi ya je DVR, da wuta bolt 12 ta DC. Hoton ta kan BNC yake fita, wannan da ake turawa a murɗa ya kulle, wutar kuma ta ɗan zagayayyen kai irin na adafta, tsakiyarsa ne fositif.

Uku na kusa duk suka yi aiki lafiya lau. Ta bakin get ce, wadda saboda ita na kashe kuɗin ma, da rana tar kamar talabijin, amma ana kiran magriba sai hoton ya fara rawa, wasu layuka su riƙa hawa sama, ka ji ta yi ƙas ta mutu, ta dawo, ta sake mutuwa, haka har asuba. Maman yara har tsokanata take wai kyamarar tsoron duhu take ji, gara mu nemo kare.

A zuwa na uku ne wani yaro mai haɗa irin waɗannan kaya ya ji ina ta faɗa, ya ce Alhaji mita nawa ne daga inda ka sa wutar zuwa get ɗin? Na ce zai yi 40 in an haɗa da zagayen da ta yi ta silin. Ya ce wace waya ka ja? Na ce Cat5, wayar intanet ɗin nan mai siraran layuka takwas a ciki, da balun, ɗan abin da ke haɗa ta da kan BNC, layi biyu na hoto, layi biyu na wuta, sauran huɗun na naɗe su na bar su. Ya yi dariya ya ce Alhaji kyamararka yunwa take ji, je ka auna wutar a bakinta da daddare, ba a bakin adafta ba.

Na ari mitar auna wuta na hau tsani bayan isha'i da tocila a baki, sauro na ta cin ƙafata. A ɗaki adafta tana ba da bolt 12.2. A bakin kyamara da rana wajen 10 da wani abu, amma da fitilun infrared ɗin nan jajaye suka kunna sai na ga lambar ta zube ƙasa da 9. Nan na gane komai. Da rana kyamara ba ta cin wuta sosai, da duhu ya yi sai ta kunna fitilunta na gani da dare, abin da take ja ya kusa ninkawa, ita kuma siririyar waya tana shanye wani kaso na wutar a hanya, kuma iya yawan abin da aka ja iya yawan abin da take shanyewa. Layi guda ɗaya na cikin Cat5 yana da turjiya, wato yadda waya ke tauye wutar da ke bi ta cikinta, kusan om 9 a kowace mita 100, wuta kuma zuwa take ta dawo, kenan mita 40 ɗina ta zama 80, wajen om 7. Ka ja rabin amfiya ta ciki, bolt uku da rabi sun tafi a banza. Wasu kyamarorin nan an rubuta musu bolt 12 da rangwamen kashi 25 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato in ta sauka ƙasa da 9 ba ruwansu. Sai ta mutu, fitilu su mutu, wuta ta ɗan farfaɗo, ta tashi, ta kunna fitilu, ta sake faɗuwa. Wannan ne ƙas ƙas ɗin da nake ji.

Abin da ya ƙara min haushi, da na kankare wayar da wuƙa sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, ita ake kira CCA, kuma turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe zalla da fiye da rabi. Mai shagon da ya sayar min har rantsuwa ya yi wai jan ƙarfe ce orijina. In za ka sayi waya, yanki ɗan guntu ka kankare, ko ka sa mata wutar laita, ta alminiyam nan take za ta langaɓe ta narke, ta gaske ja za ta yi ta tsaya. Ko a hannu ma ta bogin ba ta da nauyi.

Gyaran bai ci min komai ba a ranar, layukan nan huɗu da na naɗe na kwance su na haɗa, uku fositif uku negatif, turjiya ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, kyamara ta kwana a farke. Daga baya da kuɗi suka shigo na cire ta gaba ɗaya na ja RG59, wayar hoto irin ta eriyar talabijin, mai haɗe da wayar wuta a gefe, na zura ta cikin faif na roba saboda ɓeraye, don silin ɗin gidan nan kamar kasuwarsu ce. Kuma na raba ta da wayar wutar gida ta 230, da can a jere na kwantar da su, shi ma yana jawo ɗan layi layi a hoto.

Adaftoci huɗu da na jera a kan ekstenshan su ma na kore su, na sa akwatin wuta guda mai amfiya 10, kowane layi da fis ɗinsa, in ruwa ya shiga kyamara ɗaya ita kaɗai za ta mutu. Ni lissafina amfiya ɗaya nake ware wa kowace kyamara ko da ba ta cinye ba, gara ya yi saura, abin da yake aiki awa 24 a zafin Afrilu bai kamata a ƙure shi ba.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda ita ce ainihin magana a wajenmu, don ɓarawo ma duhun yake jira. Kyamarori huɗu da DVR da hadis ɗinsa, wato faifan da yake ajiye hoto a ciki, duka ba su wuce wat 35 zuwa 40 ba da dare, awa 12 kenan wajen wat-awa 420 zuwa 480, batir mai 100Ah kuma yana ɗauke da kusan 1200, in irin na ruwa ne rabi kawai ake so ka taɓa, to ya isa kwana ɗaya har da ɗan canji. Ni a kan inbata na ɗora su amma layinsu daban, ba tare da firji da fankoki ba, don yara in suka kunna komai zuwa ƙarfe biyu batir ya yi ƙasa. Wasu kai tsaye suke haɗawa da batirin tunda duk bolt 12 ne, yana yi, amma batir in yana caji yana haura 14, kyamara za ta iya jurewa, hadis ɗin DVR ne ban yarda in gwada da shi ba sai an sa abin daidaita wuta a tsakani.

Kan BNC da na wuta kar ka bar su a waje da salatif kawai, damina ɗaya za su yi tsatsa su yi kore, ɗan akwatin roba ake sa su ciki, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. Ta lungun baya kuma sai da na sunkuyar da kanta, da na duba na ga tana hango tsakar gidan maƙwabcina ta saman katanga, da iyalinsa a ciki, ban jira ya yi magana ba.

Yanzu abin da ya rage min gizo-gizo ne. Fitilun suna jawo ƙwari, shi kuma ya zo ya yi saƙa a daidai gilashin, da daddare ba ka ganin komai sai fararen zaruruwa suna kaɗawa, DVR na ta ƙara wai ya ga motsi. Duk Juma'a da yamma nake ɗaura tsumma a bakin gora in share, da hunturu kuma har da ƙurar hazo, kafin Talata ya dawo ya sake sabuwa.